Ramin Ƙofar Gidan Jagoda

Gdańsk, Talata

Wiesia tawa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki? Yaya kaji, yaya saniyarmu mai taurin kai? Ni lafiya lau, karen 'yarmu Jagoda ma lafiya, sai ci kamar ba a taɓa ba shi ba.

Jagoda da mijinta sun tafi hutu, sun bar mini makulli. Gidan ya yi kyau, ba ƙarya. Layin duk sabbin gidaje ne, rabinsu ma ba a tare ba tukuna. Amma Wiesia, magina sun cuci 'yarmu. Gidanta ne na ƙarshe a gangare, kuma a ƙofarsa sun bar wani rami mai faɗi, cike da duwatsu da ciyayin fadama, sak kwarin nan na bayan garkenmu. Injiniya guda, a ce ƙofar gidanta wurin kiwon kwaɗi! Na san halinta, ba za ta taɓa roƙo ba. Na sa a kawo ƙasa da bulon daɓe. Kafin su dawo za ta samu ƙofar gida irin ta mutane, kamar tamu da ake tsayawa kallo in an taso daga coci. Kada ki faɗa mata.

Ki tuna wa ƙaninki Tadek batun tifar tsakuwa. Bana sai na ga bayan kwarin nan namu.

Mijinki,
Zenon

Gdańsk, Laraba

Wiesia,

Ina gaishe ki, ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na ga kiranki, ban ɗauka ba. Abin da zan faɗa bakina ba zai iya ba, gara takarda.

Na gama daɓen ranar Asabar, ya yi sumul. Ina cikin aiki maƙwabcinsu Pan Ludwik, wani dogon tsoho mai sanda, ya tsaya a kaina ya ce, "Pan Zenon, ka kuwa tambayi 'yarka?" Na ce masa, "Tun ba a haife ta ba nake daɓe, yau kuma sai na nemi izini?" Ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Har dariya na yi masa a raina.

Lahadi da la'asar aka tsuge da ruwa. Ina tsaye a taga ina jin daɗin yadda daɓena ke ƙyalli, sai na ga ruwan rufin gidajen layin gaba ɗaya yana gangarowa ta wata 'yar hanya ta duwatsu, wadda na ɗauka ado ce. Ya iso kan daɓena, ya rasa wurin shiga, ya karkata ya faɗa garejin Pan Ludwik. Na fita a guje da bokiti. Ruwa har gwiwa, kwalaben kokwambarsa suna yawo a sama. Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "To, sarkin daɓe, ga ruwanka nan, zo ka kwashe abinka." Maƙwabta duk sun fito suna kallo. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Jagoda ta dawo Litinin. Ta sauko daga mota ta tsaya a kan daɓen, jakarta a hannu, tana kallonsa. Da ta yi mini ihu da ya fi mini sauƙi. Daga baya ta zaunar da ni ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya. Hukumar birni ba ta yarda a gina sabuwar unguwa sai in ruwan samanta zai tsaya a ƙasarta ya nutse, don magudanan birnin sun cika, unguwannin ƙasa ne ke shan ambaliya. Ramin nan shi ke shanye ruwan layin. Wiesia, ita ta zana shi. Aikinta na farko ke nan da ta sa wa hannu da sunanta, sunanmu. Mako mai zuwa jami'ar hukuma za ta zo dubawa. In bai yi ba, ba za a ba sauran gidajen izinin tarewa ba, ga iyalai suna jira da kayansu a ɗaure, kuma ita za a tuhuma.

Sai ta ce, "Baba, ina ciyayin?" Na ce motar shara ta kwashe.

Babu wanda ban faɗa wa a ƙauye cewa 'yata injiniya ce ba, har mai kawo wasiƙa ya gaji da ji. Amma ban taɓa zama na tambaye ta me take yi ba. Wannan ya fi garejin ci mini rai.

Ga roƙona. Masu sayar da shuka ƙanana kawai gare su. Jagoda ta ce ciyayin kwarin bayan garkenmu irin waɗanda na tumɓuke ne, wai a can ma ta fara lura da yadda ruwa ke taruwa ya ɓace, lokacin da nake korar ta don kada ta ɓata takalma. Ki sa Tadek ya tono su da saiwarsu, ya ba direban bas. In ya tambaya ki ce na ado ne.

Naki mai jin kunya,
Zenon

Gdańsk, Juma'a

Wiesia tawa,

Gaisuwa da godiya. Buhunan sun iso da lakarsu, har da burodin da kika cusa a gefe. Allah ya saka miki.

Na ɗaga daɓen bulo bayan bulo, na haƙe ƙasar da na zuba. Pan Ludwik ya ba ni aron baro, ya kawo kujera ya zauna yana cewa, "A hankali, sarkin daɓe, kada ka wuce ka fito wata ƙasar." Na wanke masa garejin, na shanye tsokanarsa, don na ci bashin tsiya. Jagoda tana tasowa daga aiki ta sa takalman roba ta shigo ramin, tana nuna mini inda tsakuwa za ta zauna, inda yashi. Ni da na koya mata riƙon shebur, ni ne mai cewa to.

Jami'ar ta zo jiya. Aka saki ruwa daga tankar mota, ya gangaro ya cika ramin. Na tsaya can baya, hula a hannu, ina kallo har ya fara ja da baya. Matar ta duba, ta rubuta, sannan ta tambayi me ya sa ƙasar take sabuwa. Jagoda ta juyo ta nuna ni ta ce, "Mahaifina ne ya haƙa shi da hannunsa. Ciyayin ma daga gonarsa suke." Pan Ludwik ya buɗe baki, ya dubi Jagoda, ya rufe. Matar ta zo ta ba ni hannu, ta ce da iyaye duka suna fahimtar aikin 'ya'yansu kamar ni, da birnin nan ya huta. Ta sa hannu a takardar.

Wiesia, an sha zagina a rayuwa, amma ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamar yabon nan ba. Na kasa ɗaga ido na dubi yarinyar.

Zan taho da bas ɗin Litinin. Kafin nan ki je wurin Tadek da kanki, ki ce ya fasa tifar tsakuwa. Kwarin bayan garke a bar shi yadda yake. Jagoda ta ce za ta zo a lokacin kaka ta gan shi, kuma wannan karon zan bi ta har ciki, da takalmana.

Ki gaida kowa.

Mijinki,
Zenon