Gobe Zan Faɗi Sunan Wanda Ya Jefe Ka, Kobina

Kobina nawa, inuwata a tsakar rana, ruwan kwakwata mai sanyi, tauraron da masunta ke bi su dawo gida,

Kwana tara da binne ka, zanen da na tare jininka da shi ya ƙi wankuwa. Wace irin ƙasa ce ta iya haɗiye muryar da ke cika kotun garin Oguwa?

Ka tuna ranar da ka fara cin shari'a, ka ƙwato wa masuntan Anomabo kwale-kwalensu? Ka same ni ina ƙyafe kifi, kana sanye da baƙar rigar lauya. Na ce ka matsa, kada alƙali ya ji ƙaurin hayaƙi ya ɗaure ka. Sai ka tsuguna kana dariya, ka cinye mini dokunu, tuwon masarata. Da Gwamna ya kira ka majalisar dokoki a Ankara, babban birnin ƙasarmu, har rawa na taka, wawiya!

Can ka dage aka hana rundunonin asafo, mayaƙan unguwanni, ɗaga tutar zambo. Ran Asabar asafon unguwarmu suka ɗaga tasu, mai hoton ungulu tana cin kan mutanen unguwarku. Ka shiga tsakanin runduna biyu, ba sanda, sai takardar dokar. Adduna, duwatsu, bindigar toka! Na ga an sare hannun makaɗi, yatsun suna riƙe da gula. Na ga dutsen da ya fasa goshinka, ka durƙusa, ƙafafu suka bi ta kanka. Na kuma ga hannun da ya jefa. Na Ekow ne, ƙanena da na goya.

Yayanka Esilfi kullum yana ƙofata da warin albarushi: "Matarmu, suna ɗaya kawai, kafin la'asar unguwarsu ta zama toka." Uwata kuwa ta riƙe ƙafata, wai in ce hayaƙi ya rufe mini ido.

Ina zan sa kaina, hasken idona? Karatuna bai yi nisa ba, amma maganarka ta zauna: jinin da aka kai titi haihuwa yake yi. Gobe zan taka zuwa Oguwa, in dafa Littafi Mai Tsarki, in faɗi sunan Ekow a gaban alƙali, ba a gaban gangar yaƙin asafo ba. Wataƙila su rataye shi. Danginka za su ce na hana su fansa, uwata ba za ta ƙara kiran sunana ba. Duk da haka zan je.

Taka, mai jiran a haƙa mata kabari kusa da kai,
Araba