Kunu a Gashin Bakin Ɗigo

Daren Talata, Safana

Yau ma Ɗigo ta kasa hawa katanga. Kyanwar da ta raba rumbunmu da ɓeraye, ga ta tana jan ƙafafun baya, fatar gadon bayanta sai zillo take ita kaɗai. Likitan dabbobi na Batsari ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyinta, a riƙa yi mata allura, ban da zaƙi. Ina kiyayewa, amma kullum baya take yi.

Da farko maƙwabciyata Lami na zarga, ko guba ta zuba saboda 'yan tsakinta. Sai ɗazu da la'asar na ga Ɗigo ta fito daga ɗakin Baba, kunu a gashin bakinta.

Na ce, "Baba, ba dai suga kuke sawa a kunu ba?"

Ya ce, "Ni da asibiti suka hana? Ke dai Uwani akwai zargi."

Bai dube ni ba, yana ta murza tafin ƙafarsa. Da na ɗauke kwanon kununsa na lasa, zaƙi har maƙogwaro.

Baba ba ya iya fita kanti. To wa ke sayo masa sugan? Mu huɗu ne kawai a gidan nan: ni da Baba, sai maigida da ɗanmu.