Duwatsun Si Lamfaddal

Zuwa ga Yaya Ayashi, a Tanja.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tumbinka. Ina gaida matarka Mannana, ka ce ta rage maka man zaitun.

Wiwin da ka bar mini a bayan gida ya so ya mutu. Ƙasar wurin laka ce zalla, in ta sha ruwa sai ta riƙe shi kamar marowaci da dirhami. Ganye ya yi rawaya, na tuge ɗaya, saiwar na wari kamar safar jandarma. Na ɗebo yashin rafi a kan alfadari, na cuɗa da kashin awakin Inna da tokar tanderu, ƙasa ta saki jiki. Saura magudana. Na haƙa, amma mai motar tsakuwa ya ce sai ya ga kuɗi, ni kuwa aljihuna ko ƙuma ba ta kwana a ciki.

Sai na tuna da tsibin duwatsun nan na hanyar kasuwa, inda kakanmu ya harbe Si Lamfaddal kan rabon ruwa. Shekara da shekaru duk mai wucewa na jefa dutse yana yi masa addu'a. Ga su nan daidai cikin hannu, kamar don ni aka tara. Na kwashe rabi, mamaci ai ba ya ƙirga. Yanzu ruwa na bi ta ƙarƙashi yana waƙa, wiwi ya kai ƙuguna.

Ƙaninka da ya fi ka dabara,
Bushta.

*

Zuwa ga Bushta.

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna, Allah ya ƙara mata lafiya.

A bakin tashar jirgin ruwa na karanta takardarka, sai da na zauna a kan buhu. Kanka ɗaya kuwa? Ranar da dattawa suka sasanta gidanmu da na Si Lamfaddal, sharaɗi ɗaya suka kafa: tsibin nan ya zauna, mu ma mu riƙa jefa namu dutsen. Albarkacinsa ni da kai muka girma da kawunanmu a wuya.

Ka tone magudanar yau, ka mayar da kowane dutse. Ka ja ragon Inna zuwa gidan Allal jikan mamacin, ka yanka har jini ya taɓa bakin ƙofa, ka san wanda aka yi wa haka ba ya iya ƙin sulhu. Wiwi ya ruɓe, ba komai. Kuma don girman Allah ka ɗaure bakinka in kun haɗu. Mannana na da ciki, ina son in ga abin da za ta haifa.

Wassalam,
Yayanka Ayashi.

*

Yaya Ayashi,

Gaisuwa a taƙaice, bakina ba ya buɗuwa. Na ce a bari a yi girbi tukuna sannan in mayar, sai suka riga ni.

Allal ya zo da ƙannensa biyu da hantsi, ina gyara magudana. Ya tsaya a kaina ya ce, "Kai jikan mai kisa, ina ka kai kakana?"

Na ce, "Ga shi nan a ƙasa yana ba wiwi ruwa. Yau dai an samu ɗan gidanku mai aiki."

Ban ga ƙotar fartanyar ba, ɗanɗanonta kawai na ji. Haƙorana na gaba suna cikin laka, wataƙila su tsiro. Suka danna kaina cikin magudana har na fara ganin malaminmu na allo da ya rasu, suka ɗago ni, suka sake dannawa. Ƙaramin ya taka mini haƙarƙari yana cewa, "Yi dariya mana, Bushta, yi mu ji!" Suka sa lauje suka girbe wiwin tas. Alfadarin da ya ɗauko duwatsun suka sare masa agara, yana ta kuka kamar mutum har na samu mai ƙarasa shi.

Inna ta fito tana ba su haƙuri, Allal ya ɗauke ta da mari ta faɗi a kan tanderu.

Kai dai zauna ka ci kifi. In babu sauran namiji a gidan nan, aiko mini da ɗankwalin Mannana in ɗaura.

Bushta.

*

Yayana Ayashi,

Assalamu alaikum. Wannan ba wasa a cikinta, ka karanta har ƙarshe.

Kada ka zo. Inna da kanta ta ja ragon, liman na biye da ita, aka yanka a ƙofarsu. Uwar Allal ta fito ta tsallake jinin ta rungume ta. An ce in mayar da duwatsun ina ɗauka a gadon bayana, kuma na fara, da haƙarƙarin nan. Amma Allal ya rantse gaban dattawa: duk namijin gidanmu da ya hawo dutsen ƙauyenmu da makami, sulhu ya warware. Tun ranar yake zama a kwanar hanya da bindiga a cinya, yana duba duk wanda ya sauko daga mota.

Yaya, maganar marin ƙarya ce. Da Inna ta fito, Allal sunkuyar da kai ya yi, ya ce wa ƙannensa su tafi. Zafin duka ne ya sa na ƙara gishiri don ka ji abin da na ji. Inna ba ta san na rubuta haka ba. In ka ga dama ka ƙarasa sauran haƙoran, amma bayan suna.

Ƙaninka,
Bushta.

*

Zuwa ga Bushta.

Assalamu alaikum. Ni ce Mannana, mai shagon da ke ƙasan gidanmu ke rubuta mini, shi ya karanta mini taka.

Takardar ta iso da azahar. Ayashi ya fita tun asuba, bai karya ba. Jiya wani abokin aikinsa ya kawo masa abu dogo nannaɗe cikin bargo. Na riƙe masa riga, ya ce, "An mari uwata." Ya ce zai kwana a Tetwan wurin kawunku, gobe ya hau motar farko.

Direban da zai ba ka wannan ya yi alkawarin ba zai tsaya a hanya ba. Ka sauko ka tare shi kafin kwanar da Allal ke zama, ko da rarrafe ne. In ya ƙi yarda da kai, ban san wa zai yarda da shi ba.

Mannana.