Ledar Kuli-kuli a Bakin Waya

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ni tsohuwa ce a Kwaciri, ban san alƙalami ba, maƙwabciyata ke rubuta min. Ku saurara har ƙarshe kafin ku ɗora min laifi.

Ina da ɗa guda, Sani. Ubansa tela ne, shekara talatin yana taka keke a Fagge. Ko arba'in ba a yi da rasuwarsa ba Sani ya kai keken Sabon Gari ya sayar, ya hau mota sai Fatakwal. Keken da ya ciyar da shi! Da soja suka koma bariki, wayar hannu ta shigo gari, sai ya aiko min da ita. Duk Juma'a zai kira. Da na ji ya fara "Inna, ki yafe..." sai in jawo ledar kuli-kuli in murza a bakin wayar, in ce layi ba kyau, in kashe. Wayar lokacin dama tana cin magana, wa zai zarge ni? Tsinewa ba zan iya ba, yafewa kuma zuciyata ta ƙi. Haka muka kwashe shekaru.

Ashe 'yarsa Binta na gefensa tana kallon ubanta yana share hawaye. Saboda haka, wai, ta karanci aikin waya, ta ɗauka layi ne ke raba mu. Shekaranjiya ta zo min da sabuwar waya, tana ta murna. Ta ce yanzu kowace magana da 'yan rakiya take tafiya cikin iska, in wani yanki ya faɗi a hanya, su za su cike gurbinsa kafin ya iso kunne. Har da tsokana, wai ni kishiyarta in daina fakewa da kurumta.

Wa ya aike su? Ni na kai musu ƙara? Mutum ya samu inuwar da yake ɓoye fushinsa, sai masu boko su zo su sare ta?

Da za ta tafi ta ce, "Kaka, ranar Asabar za a yi wa Baba aiki a zuciya. Juma'a zai kira ki."

Raina a ɓace yake, da shi, da ita, da ni kaina. In na murza leda, Binta za ta gane wadda ta sa ubanta kuka. In ban murza ba, zan ji maganar har ƙarshenta, kuma wallahi ban shirya amsa ba.

Yau Laraba. Jama'a, me zan yi?