Da Auta Suka Cika

Yaya,

Ina gaishe ku. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ina cin abinci, kada ta damu.

Har yanzu ina shara a makarantar kuramen da Autata take zuwa kafin Allah ya karɓi abarsa. A nan hukuma ba ta ɗaukar nauyin makaranta sai yara sun kai adadi, ashe da Auta suka cika. Yanzu da ta rasu, an ce ba makaranta ba ce, za a rufe.

Iyayen ba su ga laifina ba. Yaran ne ke tambayata da hannu, ina za su koma? Sai in riƙe tsintsiya da hannu biyu don kada in amsa.

Ku sa mu a addu'a.

Ƙanwarki