Na Biya wa Muryar Malam Shekara Guda

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya jikin naki, ya maigidan da yara, ya zaman Ikko? Mu nan Tafoki sai haƙuri.

Kin ji rasuwar maigidana Malam, amma ba ki ji yadda ta faru ba. A gonar masara 'yan bindiga suka harbe shi a ƙirji, suka sare shi a wuya, suka cinna wa amfanin wuta. Wayarsa ta faɗa tsakanin kunyoyi, aka kawo mani ita da busasshen jini.

A wayar akwai manhajar da yake ajiye karatunsa da muryarsa a ciki. Jiya ta ce in ba a biya ba za a goge. Shi wata-wata yake biya, yana cewa, "Hauwa, wanda bai san zai kai baɗi ba, ina shi ina biyan shekara?" Ni kuwa na tuna yadda muke gudu daji, babu sabis. In wata ya ƙare muna can, an sake kashe mani shi ke nan. Ina takaba, sai na sa aka sayar da akuyar da ta rage, na biya shekara.

Ki gaida kowa. Ki roƙa masa gafara, ni kuma Allah ya kai ni baɗi in sake biya.

Ƙanwarki,
Hauwa