Turaku Goma Sha Huɗu

Gazawa, Litinin

Baba Ilyasu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da iyali, da fatan ƙafa ta yi sauƙi. Tunda kunnenku ba ya jin waya sosai, ga takarda ta hannun direba.

Baba, hankalina ba a kwance yake ba. Wata uku ke nan da aka ba ni kujerar da kuka bari, ta shugaban masu shata burtalin shanu, amma mutanen da kuka shekara tara da su sun gagare ni. Iro, wakilin manoma, gani yake duk turken siminti da muka kafa gonar wani muka ci. Halima mai awo ba ta magana sai na tambaye ta. Hambali kuwa, wakilin Fulani, kwana shida bai leƙo buro, wato ofishinmu, ba. Ga shanu sun fara gangarowa daga arewa, wake bai tashi daga gona ba, perfe, shugaban gundumarmu, kuma ya ce mu gama kafin Juma'a ta sama. So nake in nemi a canza mini Hambali. Me kuka gani?

Ɗanku,
Mas'ud

Gidan Sori, Laraba

Ɗana Mas'ud,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, alhamdu lillahi.

Hambali ya riga takardarka isowa, nan ya wuni jiya. Bai kawo ƙararka ba, sai da na matsa mashi. Ya ce da Faransanci kake taro, shi ko bai shiga lakol ba, bai yi boko ba. Ya ce ran da ya ɗaga hannu kan turakun yamma, ka ce mashi taswira ta riga ta yanke.

Wagga taswira ni na zana ta, kuma ta tsufa. Rairayi ya cike tsohon tabki, ruwan ya koma kudu. Turaku goma sha huɗun da ka kafa ba su kai shanu ga ruwa. In ƙishirwa ta kama su, cikin waken mutane za su faɗa, ka kuwa san abin da kan biyo baya.

Ni ma ba gwani ba ne. Lallashi ya yi mani yawa, aikin shekara guda ya ci tara. Zafin namanka ana bukatar shi. Amma ka tafi rugar Hambali da ƙafarka, kar ka aika.

Allah shi yi maka jagora.
Ilyasu

Gazawa, Asabar

Baba,

Bayan gaisuwa. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci da takardarku. Na kwana biyu ina kai da kawowa, sannan na je.

Hambali ya shimfiɗa mini tabarma, ya ba ni nono. Sai da na sha ya ce, "Shef, ka zo da taswirar?" Na ce na baro ta. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "To, tashi mu je." Muka taka har bakin ruwan. Gaskiyarsa ce.

Da na gaya wa Halima, sai ta sunkuyar da kai, ta ce tun ranar awo ta gani, tsoron tsawata ya hana ta faɗa. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Yanzu ga sabon tashin hankali: hanyar gaskiya ta gefen gonar kawun Iro ta bi. Kuma in na tumɓuke turakun, ba za mu cika wa'adin perfe ba, ƙila kujerar ta tafi. Gobe zan tara su ƙarƙashin gawo, da Hausa, in yi shiru in saurara. Ban san ko zan iya ba. Ku sa mu a addu'a.

Mas'ud

Gazawa, Lahadi ta sama

Baba Ilyasu,

Ina gaisuwa da girmamawa. Halima ce. Shef ya ce in rubuto, hannuwansa sun yi bororo wajen haƙa ramukan sake kafa turakun.

Iro da kansa ya je wurin kawunsa, sau uku, har tsohon ya ba da taku bakwai daga gefen gonarsa. Jiya garken farko ya wuce, ya sha ruwa, ba a taɓa ganyen kowa ba.

Wa'adi ya wuce da kwana biyu. Perfe ya kira shef gobe da hantsi. Shef ya ce shi kaɗai zai je. Ba mu yarda ba, tare za mu je.

'Yarku,
Halima